Keken burji: Yadda hanyoyi marasa kwalta suka zama arzikin ƙauyukan Tuskani a Italiya

A ƙasarmu, idan aka ce hanya ba ta da kwalta, abin da ke fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne ƙura da gargada da motar kaya da ta kafe a taɓo, sai kuma alƙawarin ɗan siyasa da aka daɗe ana jira. Amma a yankin Tuskani da ke tsakiyar ƙasar Italiya, irin wannan hanya ce mutane ke biyan kuɗin jirgi daga Amurka da Jamus da Japan domin su zo su bi ta a kan keke. Mutanen yankin suna kiran hanyoyin "strade bianche", wato fararen hanyoyi, saboda launin dakakken dutsen da aka shimfiɗa musu.

Abin mamakin shi ne, Turai ba ta rasa hanyoyin keke masu santsi ba. Ƙasar Holan kaɗai tana da kimanin kilomita 35,000 na hanyoyin da aka ware wa masu keke. Wadda ta bi gaɓar Kogin Danub daga garin Passau na Jamus zuwa birnin Biyana na Ostiriya ta haura kilomita 300, kuma yawancinta shimfiɗaɗɗiya ce, yaro da tsoho duk suna iya bi. A arewacin Italiya ma akwai irinta a kwarin Kogin Adige. Duk da haka, a 'yan shekarun nan masu yawon buɗe ido da dama sun fara juya wa kwalta baya, suna neman hanyoyin da manoma da makiyaya ke bi. Me suke nema a can, kuma me hakan ya janyo wa mutanen karkara?

Mene ne keken burji?

Turawa suna kiran wannan nau'in keke da sunan tsakuwar da ake zuba wa hanya, wato "girabul". Da yake a Hausa hanyar da aka daddaɓe da tsakuwa ko marmara sunanta burji, ba laifi idan muka kira shi keken burji. Wanda ya hango shi daga nesa zai ɗauka keken tsere ne, domin kansa a lanƙwashe yake zuwa ƙasa kamar ƙahon rago. Sai an matso kusa ake ganin bambancin, kuma mafi girmansa yana ga taya.

Faɗin tayar keken tseren kwalta yakan kasance tsakanin milimita 25 zuwa 32. Ta keken burji kuwa takan fara daga wajen milimita 38 har zuwa 50, kuma tana da ƙananan ƙuraje da ke kama ƙasa. Iskar da ake ba ta ma ba ta kai ta wancan ba. A gejin masu faci, an saba ba siririyar tayar tsere iskar da ta kai 80 ko fiye, alhali ta keken burji 30 zuwa 40 ta wadatar, kusan daidai da ta ƙaramar mota. Dalilin haka a fili yake. Taya mai tauri idan ta taka dutse sai ta yi tsalle, girgizar ta ratsa ƙarfe ta shiga hannu da bayan mahayi, ƙarfinsa ya riƙa tafiya a banza. Taya mai laushi kuwa lotsawa take yi ta haɗiye dutsen, keken ya wuce ba tare da ya rabu da ƙasa ba.

Yawancin waɗannan tayoyi ba su da tiyub a ciki. Ana zuba musu wani ruwan roba wanda idan ƙaya ta huda tayar sai ya bi iska zuwa ramin ya toshe shi, sau da yawa mahayin bai ma sani ba. Birkinsa na faifai ne irin na babur, wanda ke kamawa ko da laka ta shafe ƙafar keken. An ɗan tsawaita gangar jikinsa domin kada ya riƙa rawa a gangara, an kuma sa masa giyoyi masu sauƙin juyawa saboda hawan tudu. A jikin ƙarfen akwai wuraren ɗaura gorunan ruwa da jakunkuna, ta yadda mutum zai iya ɗaukar tufafi da guzurin kwana uku ko huɗu.

Wanda ya taso a karkarar ƙasar Hausa zai ga wani abu da ya sani a nan. Tsohon baƙin keken nan na Raleigh da Phoenix, wanda malaman makaranta da 'yan koli suka shekara da shekaru suna ratsa ƙauyuka da shi, faɗin tayarsa inci ɗaya da rabi ne, wato wajen milimita 38 zuwa 40. Kusan shi ne faɗin da masu ƙera keken burji suka dawo kansa bayan dogon bincike. Inda suka bambanta shi ne nauyi da giya: na zamani yakan tsaya a wajen kilo 9 zuwa 11, tsohon kuwa ya kusa ninka haka, ga shi giyarsa ɗaya tak.

Abin da kwalta ke ɓoyewa

Hanyoyin keke masu kwalta suna da amfanin da ba a musu. Babu mota a kansu, akwai alamomi, akwai wuraren hutawa, iyali guda za su iya fita tare cikin kwanciyar hankali. Sai dai injiniyan da ke shata irin wannan hanya wuri mai sauƙi yake nema, shi ya sa akasarinsu ke bin gaɓar kogi ko magudanar ruwa ko tsohon layin dogo da aka daina amfani da shi. Wanda ya bi su zai ga kwari da kogi da garuruwan da ke bakin hanya, tare da ɗaruruwan baƙi irinsa da suka tsaya a shago ɗaya suna sayen abu ɗaya.

A yanki mai tuddai kamar Tuskani, rayuwar karkara ba a kwari take ba. Tun zamanin da, mutane kan tudu suke gina garuruwa da gidajen gona, saboda tsaro da kuma gudun zazzaɓin cizon sauro da ya addabi fadamun yankin har cikin ƙarni na 20. Hanyoyin da suka haɗa waɗannan gidaje su ne fararen hanyoyi. Suna bin doron tudu, su ratsa gonakin zaitun da na inabi, su bi ta ƙofar gidan manomi, su gangara rafi su sake haurawa. Mota tana iya binsu, amma mai mota a rufe yake cikin gilashi. Mai tafiya a ƙasa yana ganin komai, sai dai da wuya ya wuce kilomita 25 a yini. Mai keke yana tsakanin biyun: zai iya cin kilomita 60 zuwa 80 tsakanin hantsi da la'asar, yana jin ƙamshin ciyawar da aka yanke, yana iya tsayawa ya gaisa da mai tarakta ko ya sayi cuku a hannun wanda ya yi shi.

Yadda talauci ya adana hanyoyin

Yawan waɗannan hanyoyi ya samo asali ne daga tsarin noman da yankin ya rayu a kansa ɗaruruwan shekaru, wanda ake kira "mezzadria". Attajirin da ke zaune a birnin Siyena ko Fulorans shi ke da ƙasa. Sai ya yanka ta gona-gona, ya gina gida a tsakiyar kowace gona, ya zaunar da iyali guda su noma, idan kaka ta yi a raba amfani biyu. Da yake kowane iyali a cikin gonarsa yake kwana, dole a sami hanyar da za ta kai shi rumbun ubangidansa da injin niƙa da majami'a da kasuwa. Ta haka hanyoyi suka yi wa tuddan saƙar gizo-gizo.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antu suka bunƙasa a Italiya. A shekarun 1950 da 1960 'ya'yan manoma suka yi ta barin gonakin da ba nasu ba suna komawa birane inda ake biyan albashi. A 1964 gwamnati ta yi dokar da ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar raba amfani, tsarin ya kama hanyar mutuwa. Gidajen gona da yawa suka zama kufai. A daidai lokacin da ake malala kwalta a manyan hanyoyin ƙasar, waɗannan ƙananan hanyoyi ba su da sauran jama'ar da za su matsa wa hukuma, sai aka bar su yadda suke.

Daga baya wasu mutane suka maye gurbin waɗanda suka tafi. Makiyaya daga tsibirin Sardiniya suka ƙauro da tumakinsu zuwa tuddan kudancin Siyena, inda ƙasa ta yi arha, suka raya sana'ar cukun tumaki da ake kira "pecorino". Baƙi daga Ingila da Jamus suka sayi kufai suka gyara. A 1985 kuma aka yi dokar da ta ba manomi damar saukar da baƙi a gidan gonarsa ya ciyar da su daga abin da ya noma, tsarin da ake kira "agriturismo". Wannan doka ita ce ta tanadi masaukan da masu keke ke kwana a cikinsu a yau.

Mutum 92 da tsofaffin kekuna

A 1997, wani ɗan asalin ƙaramin garin Gaiole da ke tuddan Kiyanti, mai suna Giancarlo Brocci, ya shirya wani hawan keke da ya sa wa suna L'Eroica, ma'ana ta jarumai. Mutum 92 ne suka fito a karon farko. Manufarsa biyu ce. Ta farko, tuna zamanin gwarazan tseren keke irin su Gino Bartali, ɗan yankin Fulorans da ya lashe gasar zagayen Faransa a 1938 da 1948, lokacin da hanyoyin duwatsu da yawa ba su san kwalta ba. Ta biyu, jawo hankalin jama'a da hukumomi ga fararen hanyoyin da suka rage, kafin a rufe su da kwalta ɗaya bayan ɗaya.

Ƙa'idar hawan ita ce a zo da keken tsere na ƙarfe irin wanda aka ƙera kafin 1987, ko wanda aka yi a kan salonsa, a kuma sa rigar ulu irin ta da. Ana yin sa a farkon watan Oktoban kowace shekara. Hanya mafi tsawo ta kai kilomita 209, kusan rabinta burji, kuma idan aka tara hawan da ke cikinta ya haura mita 3,000. Masu binta tun da duhun asuba suke tashi da fitila. A wuraren hutawa mutanen ƙauye ne ke dafa abinci, ciki har da "ribollita", wata miyar wake da ganye da busasshen burodi wadda asalinta abincin talaka ne. A yau dubban mutane ne daga ƙasashe daban-daban ke cika garin Gaiole a wannan mako, an kuma kafa wa hanyar alamomi na dindindin domin duk mai so ya bi ta a kowane lokaci na shekara, ya raba ta kwana uku ko huɗu. Masu shirya taron sun ƙara da wani mai suna Nova Eroica a garin Buonconvento, domin masu keken burji na zamani.

Shekara goma bayan hawan farko, a 2007, aka fara gasar ƙwararru a kan waɗannan hanyoyi, wadda yanzu ake kira Strade Bianche. Ana yin ta a watan Maris, tana farawa daga Siyena ta ƙare a dandalin Piazza del Campo da ke tsakiyar birnin, bayan an haura wata siririyar hanya mai tsananin tsayi inda a wani wurin kowace mita 100 ke ɗaga mahayi mita 16. An fara ta mata a 2015. Fabian Cancellara na Suwizalan ya lashe ta sau uku, a 2008 da 2012 da 2016, har aka sa sunansa ga yankin burjin Monte Sante Marie mai tsawon kilomita 11 da rabi. Tadej Pogačar na Sulobeniya ya ci ta a 2022 da 2024 da 2025. Hotunan da talabijin ke nunawa daga jirgi mai saukar ungulu, na mahaya cikin farar ƙura a tsakiyar korayen tuddai, sun yi wa yankin tallar da kuɗi ba za su saya ba.

Ba a Italiya kaɗai abin ya tsaya ba. A garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, mutum 34 suka fara wani tseren mil 200 a kan hanyoyin makiyaya a 2006, wanda yanzu ake kira Unbound Gravel, kuma a can ne kamfanoni suka ga kasuwar ƙera keke na musamman domin irin wannan hanya. A 2021 aka fara gasar Migration Gravel Race a yankin Masai Mara na Kenya. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar cin kofin duniya ta farko a wannan fanni, a yankin Veneto na Italiya.

Daga Siyena zuwa Radicofani

Domin a gane abin da mahayi ke samu, ya kamata a bi hanyar da baƙi da yawa ke bi, daga Siyena a nufi kudu. Da an fita ƙofar birni da 'yan kilomitoci, bishiyoyi suke raguwa, a shiga yankin da ake kira Crete Senesi. Ƙasar wurin yumɓu ce mai launin toka, ragowar gindin wani teku da ya janye tun miliyoyin shekaru. A watan Afrilu da Mayu alkama takan rufe tuddan su yi kore shar. Bayan girbi da huɗa kuwa sai su koma tamkar hamada, babu abin da ke tsaye sai gidan gona a kan tudu da jerin dogayen itatuwan nan sirara masu tsini da ake kira sifires.

Wani ɓangare na wannan hanya tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada ce zuwa birnin Rum, wadda ake kira Via Francigena. A shekarar 990, babban limamin Kirista na Kantabari a Ingila, Sigeric, ya bi ta a kan hanyarsa ta komawa gida daga Rum, aka rubuta zangon da ya yi guda 79, kuma da wannan rubutu ne aka sake shata hanyar a zamaninmu. Fatake ma ita suka riƙa bi da ulu da kayan yaji da kuɗi, kuma cinikin da ta kawo yana cikin abin da ya mai da Siyena birnin masu banki. Bankin Monte dei Paschi na birnin, wanda tarihinsa ke komawa 1472, ana lissafa shi a matsayin mafi tsufa a cikin bankunan da ke aiki a duniya.

Bayan kimanin kilomita 30 sai a isa Buonconvento, ƙaramin gari mai ganuwar jan bulo. Daga nan hanya takan haura wajen mita 400 zuwa Montalcino, garin da ya yi suna da gonakin inabi. Gaba kaɗan sai kwarin Val d'Orcia, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. Masu kallon fina-finai sun taɓa ganin wurin ko da ba su sani ba, domin a kusa da garin Pienza aka ɗauki gonar alkamar da ke cikin fim ɗin Gladiator na shekarar 2000. A ƙauyen Bagno Vignoni, inda ya kamata a ga dandalin gari, wani babban tafkin ruwan zafi ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Can a ƙarshen kwarin kuma ana hango hasumiyar Radicofani a kan dutse, wadda a da take gadin hanyar. Mota za ta gama wannan tafiya cikin awa biyu. Mai keken burji yakan ba ta kwana biyu ko uku, kuma kowane dare kuɗinsa a wani ƙauye daban yake kwana.

Wahalar da ke ciki

Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Abu na farko da sabon shiga ke karo da shi shi ne lissafin lokaci. Nisan da ya saba ci cikin awa biyu a kwalta zai iya cinye masa awa uku a burji mai tuddai, don haka masu gogewa kan rage tsawon tafiyar yini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tuddan Tuskani ba su da tsawo sosai, amma a miƙe suke, kuma ba sa ƙarewa. A wajen hawa, idan mahayi ya miƙe tsaye a kan feda sai tayar baya ta riƙa zamewa, dole ya zauna a sirdi ya danne ta da nauyinsa. A gangara kuwa tsakuwa takan taru a kwana, wanda ya matse birkin gaba a nan ƙasa zai sha. Ƙa'idar ita ce a rage gudu tun kafin a shiga kwana, a sassauta hannu, a bar keken ya nemi hanyarsa. Hular kwano ba abin sakaci ba ce.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. A Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 35, ga yankin yumɓun babu inuwa, farar hanyar kuma tana mayar da hasken rana cikin ido. Idan aka yi ruwa, inda tsakuwa ta yi ƙaranci yumɓun yakan manne wa taya har ta daina juyawa. Saboda haka aka fi son Afrilu zuwa farkon Yuni, da kuma Satumba da Oktoba. Daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar hunturu lokacin farautar aladun daji ne, ana bukatar kula a hanyoyin da suka ratsa kurmi.

Akwai kuma fararen karnukan nan manya da ke gadin tumaki ba tare da makiyayi a kusa ba. Gudu yana tunzura su. Abin da aka saba yi shi ne a sauka, a sa keken tsakanin mutum da kare, a wuce a hankali nesa da garken. Tsakanin ƙauye da ƙauye babu mai faci, don haka famfo da tiyub na ko-ta-kwana da 'yan ƙananan kayan gyara wajibi ne, haka ma taswirar da aka sauke a waya tun kafin a fita, domin sabis yakan ɗauke a cikin kwari. Shagunan ƙauye kan rufe da tsakar rana na wasu awoyi, amma yawancin garuruwa suna da famfon ruwan sha a dandali. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112. Ga baƙo Musulmi, yana da kyau ya sani cewa naman alade da barasar inabi suna da yawa a teburin yankin, har ma akan sa kitsen alade a wasu miyar da ake zaton ta ganye ce zalla, don haka tambaya kafin a ci ta zama dole. Cuku da burodi da man zaitun da wake da taliya kuwa ba sa yankewa.

Wa ke cin riba, wa ke shan ƙura?

Ribar da ƙauyuka ke samu ta zo ne daga yanayin tafiyar kanta. Motar baƙi mai ɗaukar mutum 50 takan tsaya awa ɗaya a Pienza, a ɗauki hoto a wuce, a je a kwana a Fulorans. Mai keke ba ya iya ɗaukar abincin kwana uku, ba ya kuma iya komawa birni kowane dare. Dole ya ci a inda yunwa ta same shi, ya kwana a inda dare ya yi masa. Ta haka kuɗi ke isa ga mai gidan gona da mai gashin burodi da mai gyaran keke da direban da ke kai jakunkuna daga masauki zuwa masauki. Ga shi kuma baƙin sun fi zuwa a farkon bazara da kaka, lokacin da a da ɗakunan baƙi ke zama fanko.

Sai dai abincin wani gubar wani. Tsohuwar da gidanta ke bakin farar hanya ita ke share ƙura a taga duk rani. Manomin da ke bin hanyar sau huɗu a yini shi ke canza tayar mota da abin rage girgiza. Wanda ke jiran motar asibiti da tsakar dare ba ruwansa da kyawun wuri. Ga mahaya da ke kutsawa gonakin mutane saboda taswirar waya ta nuna akwai hanya, ko su taho a guje su yi kiciɓis da tarakta a kwana. Tsadar gidaje da ta biyo bayan shaharar yankin ita ma tana tura 'ya'yan wurin zuwa wasu garuruwa. Duk lokacin da aka tashi maganar zuba wa wata hanya kwalta, waɗannan bukatu biyu sukan yi karo, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Abin da ke sa sulhu ya yiwu shi ne kula. Farar hanyar Tuskani ba hanyar da aka yi watsi da ita ba ce. Ana ɗaga tsakiyarta domin ruwa ya gangara gefe, ana yashe lambatu, ana kawo gireda ta baje gargada, ana ƙara dakakken dutse idan ya zaizaye. Hanyar burji da ake yi wa haka tana ɗaukar motar madara da ta makaranta duk shekara, kuɗin shimfiɗa ta kuma bai kama ƙafar na kwalta ba. Wadda aka bari kuwa damina ɗaya ta isa ta mai da ita kwazazzabo.

Zanen da ke bangon majalisa

A cikin fadar gwamnatin birnin Siyena, a ɗakin da mahukunta tara na birnin ke zama a da, akwai wani zane da Ambrogio Lorenzetti ya yi a bango tsakanin 1338 da 1339, wanda ke kwatanta kyakkyawan mulki da mummuna. A ɓangaren kyakkyawan mulki an zana waɗannan tuddai da muke magana a kansu: manoma suna huɗa suna girbi, fatake suna kora jakuna da alfadarai ɗauke da kaya a kan hanya zuwa ƙofar birni, a samansu kuma wata siffa da ke wakiltar tsaro tana shawagi. A ɓangaren mummunan mulki gonaki sun zama kango, ƙauyuka suna cin wuta, babu kowa a hanya sai masu makamai. An yi zanen ne a inda masu mulki za su riƙa ganinsa kullum suna yanke hukunci.

Nan ne labarin ya taɓo mu. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar ba su rasa hanyoyin burji ba, ba su rasa wuraren da ido zai so gani ba, daga tuddan Filato da Mambila zuwa duwatsun da ke kewaye da tsofaffin garuruwanmu, kuma keke ba baƙo ba ne a ƙauyukanmu. Amma ba za a ce wa manomin da tumatirinsa ke ruɓewa kafin ya kai kasuwa ya yi alfahari da rashin kwalta ba, kuma babu wanda zai ɗauki keke ya shiga dajin da mazaunansa ma suke gudu. Abin da Tuskani ta sayar wa duniya hanya ce da ake gyarawa a kan kari, wadda baƙo zai bi shi kaɗai daga safe zuwa yamma, abin da zai tsorata shi bai wuce karen makiyayi ba. Waɗannan abubuwa biyu, gyara da tsaro, su ne manomi ya fara bukata tun kafin wani baƙo ya zo, kuma su ne Lorenzetti ya zana wa mahukuntan Siyena kusan shekara 700 da suka wuce.